Yadda na sayi zane a Manila na taho da shi har Kano

A Manila in kana son zanen fenti na ratayewa a bango da ya amsa sunansa, kuɗi kaɗai ba sa isar ka, sai sunanka ya shiga lis, sai kuma ka iya jira. Ni dai haka na gani, kuma tunda 'yan uwa masu karatu a can suna yawan tambayata yadda na yi na fito da nawa ba a tsare ni a filin jirgi ba, bari kawai in zayyana komai kowa ya huta.

Karatu ne ya kai ni Filifin, ba ruwana da zane da farko. Abin da ya fara ja na shi ne gidan adana zane-zane na ƙasa da ke titin Padre Burgos kusa da Rizal Park, shiga kyauta ne tun 2016, ga sanyin esi, ɗalibi kuwa ka san shi da son banza. Kana shiga babban zauren za ka yi kiciɓis da Spoliarium na Juan Luna, wanda ya ci lambar zinare a Madrid a 1884, tsayinsa ya haura mita 4 faɗinsa ya doshi mita 8, ana jan gawarwakin mayaƙan filin wasan Rumawa a ƙasa, mutum sai ya ja da baya sosai kafin idonsa ya ɗauke shi gaba ɗaya. A sama kuma akwai na Fernando Amorsolo, mai 'yan matan gonar shinkafa da hasken rana a bayansu, shi ne na farko da gwamnati ta ba lambar gwarzon mai fasaha na ƙasa a 1972. Daga nan na fara lura cewa mutanen nan ba da wasa suka ɗauki zane ba. A Megamall ma, inda ake zuwa sayen takalmi da cin kaza, akwai layi guda a hawa na huɗu da galari-galari ne kawai a jere, wato shagunan baje kolin zane da sayar da shi, kana tafe da ledar cefane kana kallon zane.

Matsalata ɗaya ce, kuma ita ta sa neman ya yi tsawo. 'Yan Filifin mutane suke zanawa. Fuska, jiki, taron jama'a a cikin jifni, wato motar hayarsu, gicciye, waliyyan coci, ƙasa ce da akasarinta Katolika ne, Sifaniyawa sun mulke ta sama da shekara 300, to abin ya shiga jinin zanensu. Ka je Pinto a Antipolo, gidan da wani likitan ƙwaƙwalwa Dakta Joven Cuanang ya kafa ya cika da ayyukan matasan da ya riƙa saya tun ba a san su ba, za ka ga mazan Elmer Borlongan masu ƙwalƙwalallen kai da dogayen hannuwa, ka ga ƙaton zanen nan mai suna Karnabal da ƙungiyar masu zane ta Salingpusa suka haɗu suka zana. Ka hau Baguio ka leƙa gidan adana zanen BenCab, wani shahararren mai zanensu, Sabel ce ko'ina, wata baiwar Allah mai tsince-tsince a bola da ya riƙa gani a unguwarsu tun shekarun 1960 tana naɗe da ledoji, ya mayar da ita abin zanawarsa tsawon rayuwa. Duk sun burge ni wallahi. Amma ni a falon gidanmu na Kano zan rataye, kuma na san Umma, ko kalanda mai hoton mutum ba ta kwana a bangonta. Da na kira ta na faɗa mata abin da nake shirin saye cewa ta yi, "Kai dai kar ka kwaso mini mai rai, in ka kawo a sito zai ƙare." Shikenan an gama magana.

Wani abokin karatuna ɗan Marawi ya ce ai sai in nemi irin na Abdulmari Imao, ɗan Sulu, Musulmi na farko da ya samu waccan lambar ta ƙasa a 2006, wanda ya shahara da okir, wato ado mai lanƙwashe-lanƙwashe na Musulmin kudancin ƙasar. Na je na gani, launukansa kam sun yi, sai dai shi ma sarimanok ɗin da yake yawan zanawa tsuntsu ne, sannan mutumin ya rasu tun 2014, kayansa sai a gidajen gwanjo irin León da Salcedo, wurin da ɗalibi ba ya ko ɗaga hannu ya sosa kai don kar a ce ya taya.

Na leƙa titin Mabini a Ermita ma, inda aka daɗe ana sayar wa baƙi zane mai araha. Bukka, itacen kwakwa, faɗuwar rana, kwale-kwale, shago goma abu ɗaya. Ba raini ba, masu yin sa da shi suke ciyar da iyali kuma hannunsu ya faɗa, a nan kuma ana ciniki sosai. Kawai ba shi nake nema ba.

Watan Fabrairu aka yi Art Fair Philippines, wanda aka fara tun 2013, lokacin da na je a The Link ake yin sa, wani benen ajiye motoci ne a Makati da ake sharewa a kafa farin bango hawa-hawa, kana tafiya kana ganin layin fakin a ƙasa ƙarƙashin ƙafarka. Tikiti ake saya. Na shiga da ƙarfin gwiwata ina ta zagaye, duk zanen da ya kama idona sai in ga wani ɗan jan ɗigo an manna a gefen takardar sunansa, na tambayi wata yarinya mai tsaron rumfa ta ce an saya ne. Na ce yau fa aka buɗe? Ta yi murmushi ta ce yau aka buɗe wa jama'a, manyan masu saye sun riga sun shigo tun kafin yau, wasu ma ba su zo ba, a waya aka tura musu hotuna suka zaɓa. A nan na gane yadda kasuwar take. Tun da wani zanen Ronald Ventura mai suna Grayground ya haura dala miliyan ɗaya a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a 2011, masu kuɗi suka farga cewa zanen matasa ma jari ne, yanzu wani yaron bai daɗe da gama makaranta ba amma layin masu jiran aikinsa ya fi abin da zai iya zanawa a shekara. Ni a ganina wannan yana ɓata wasu, don za ka ga mutum ya kama abu ɗaya da ya karɓu yana ta maimaitawa, girman kawai yake canzawa.

Yarinyar nan dai ita ta taimake ni, ta ce in aljihuna na ɗalibi ne in jira Art in the Park.

Shi wannan a wani ɗan lambu ake yi, Jaime Velasquez Park a Salcedo Village, nan Makati ɗin dai, tun 2006 ake yin sa, yini guda, shiga kyauta, kuma akwai ƙa'idar cewa ba abin da zai wuce wani farashi, a shekarar da na je peso 70,000 ne iyaka, wani kaso na cinikin kuma yana tafiya ga wata gidauniya mai tallafa wa gidajen tarihi. Ranar Lahadi ce a watan Maris, zafi kamar me, rumfuna a jere, galari manya da ƙanana da ƙungiyoyin ɗaliban zane, wasu zanukan ma a ƙasa aka jingine su kana durƙusawa kana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sani da sassafe yake zuwa, kafin azahar masu kyan sun tafi. A wata rumfa can gefe na ga wani ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu biyu ba, rufin kwano ne kawai na unguwar talakawa an hango daga sama, kwanon ya yi tsatsa, an ɗora tsofaffin tayoyi a kai don kar guguwa ta yaye, ga wayoyin wuta a cukurkuɗe, ga shuɗin duro na ruwa, ga shanya, amma ko kyanwa babu a ciki. Sak abin da kake gani in ka hau bene a Fagge ka leƙa ƙasa, illa dai mu duwatsu muke ɗorawa. Na miƙa hannu kenan na ga jan ɗigon. Kai!

Matar da ke kula da rumfar, babba ce, Ate nake ce mata kamar yadda kowa ke kiran wadda ta girme shi a can, ta ga yadda fuskata ta canza ta ce kar in damu, mai zanen tana da baje koli nata ita kaɗai nan da 'yan watanni a galarinsu da ke Quezon City, in bar lambata. Na rubuta suna da lamba a wani littafi. Ta tambaye ni me nake so a aikin, na faɗa mata gaskiya har da maganar Umma, ta yi dariya sosai ta ce a duk shekarunta a sana'ar ba a taɓa ba ta wannan dalilin ba. Ina jin abin da ya sa ta riƙe ni a ka kenan, don lis ɗin nan ba na wanda ya fara zuwa ba ne, galari ce ke zaɓar wanda za ta fara tura wa, suna fifita tsofaffin kwastomominsu da wanda suka tabbata ba gobe zai kai gwanjo ya ci riba ba.

Sai jira. Na ci gaba da leƙa galarin lokaci-lokaci in na samu sarari, ba don in saya ba, don dai a san fuskata, kuma shawarar da zan ba kowa kenan, shiga galari kyauta ne ba mai korar ka, ka gaisa, ka yi tambaya, ka sa hannu a littafin baƙi.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe sai ga saƙo ta Viber, can shi suka fi amfani da shi a irin wannan harkar, kundin hotuna ne na duk zanukan da sunan kowanne da girmansa da irin fentin da farashi. Kafin in gama buɗewa manyan guda uku an riga an rubuta an kama. Na zaɓi wani matsakaici, ƙafa 2 da ƙafa 3, fentin akirilik a kan kyalle, peso 38,000. Akwai wani da ya fi shi kyau a idona amma na fentin mai ne kuma an lafta shi da kauri, Ate ta ce in dai naɗewa zan yi in hau jirgi da shi in haƙura, fentin mai yana wata da watanni bai gama bushewa ta ciki ba, mai kauri kuma in aka naɗe tsagewa yake. Na gwada neman ragi irin namu, ta ce a hankali, "Sir, nan ba Divisoria ba ce fa," wato babbar kasuwarsu ta araha da ake ciniki. Abin da ta iya yi mini shi ne in ba da kafin alƙalami in biya sauran kashi-kashi, na tura na farko a take ta GCash, manhajarsu ta tura kuɗi a waya, sauran na riƙa biya duk lokacin da kuɗin gida suka shigo. Daga baya na fahimci dalilin da ba sa son ragi, kuɗin ba na mai zane ba ne shi kaɗai, galari tana ɗaukar kaso mai tsoka, sau da yawa ya kan kusa rabi, ita ke biyan haya da wuta da talla da abincin ranar buɗewa, sannan in aka karya farashin mai zane sau ɗaya waɗanda suka saya a baya za su ji an cuce su.

Ranar buɗewa da yamma aka fara, na je da kaftanina, nan take na zama abin kallo ni ma. Ɗaki ne dogo fari tas, fitilu a sama kowacce ta haska zane ɗaya, tebur a ƙofa an jera giya da lemo da taliyarsu ta pansit da wasu soye-soye, ni dai lemo na ɗauka na tsaya a kansa don a can naman alade yana shiga abinci ta inda ba ka zata ba. Rabin mutanen masu zane ne 'yan uwanta, an zo taya murna, ana ta hoto. Nawa yana can bango na hagu da jan ɗigonsa, wannan karon ɗigon nawa ne, na tsaya a bayan wasu mutum biyu ina jin suna yaba shi ban ce musu komai ba.

A ido ya bambanta da na waya nesa ba kusa ba. Tsatsar kwanon ashe ba launi ɗaya ba ce, ta shafa ja, ta bari ya bushe, ta bi da ruwan ƙasa, sannan ta kankare da wuƙar fenti har na ƙasan ya leƙo, in ka matso za ka ga tabon wuƙar. Wayoyin wutar kuma ba da buroshi ta ja su ba, ta ce mini zare take tsomawa a baƙin fenti ta ɗame shi a kan kyallen ta sake. Mai zanen yarinya ce ƙarama mai kunya, ta ce daga tagar jirgin ƙasa na LRT take ɗaukar hotunan rufin in za ta je aiki, da rana tana koyar da yara, da dare take zane. Na tambaye ta me ya sa ba ta sa mutane, ta ce ai suna nan, wa ya yi shanyar, wa ya hau ya ɗora tayar? Ta tambaye ni ina zanen zai je, na nuna mata Kano a taswirar waya, ta kira ƙawayenta su zo su gani.

Ba a ɗaukar zane ranar buɗewa ko da ka biya duka, sai an rufe baje kolin, nasu ya yi kusan wata. Da na kammala biya aka ba ni rasit da takardar shaidar inganci, mai hoton zanen da sunansa da shekara da girma da sa hannun mai zanen da na galari. Wannan takardar kar ka yarda ka bar ta, jabun zane matsala ce da kowa ya sani a kasuwar Manila musamman na manyan da suka rasu, zane ba takarda in ka tashi sayarwa wahala za ka sha. A nan ne ma Ate ta faɗa mini wani abu da ban taɓa ji ba, dokar haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasar ta ba mai zane kashi 5 cikin 100 na kuɗin duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa, tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan rasuwarsa. Ta kuma roƙe ni in har wata rana zan sayar in fara sanar da su.

Saura fita da shi, kuma nan ne mutane suka fi tambaya. Akwai dokar kare kayan tarihi ta 2009, lamba 10066, wadda ta sa ido a kan abubuwa irin aikin waɗanda suka samu lambar gwarzon ƙasa da kayan gargajiya na da, waɗannan ba a fita da su haka kawai sai da izini. Zanen yarinyar da ke raye wanda aka yi bana ba ya ciki, amma jami'in da ke filin jirgi ba masanin zane ba ne, bai san na wa da na wa ba, shi ya sa gara ka riƙe takardar da ke nuna cewa kayanka ba sa cikin waɗanda dokar ta shafa. A da gidan tarihi na ƙasa ke kula da wannan, daga baya aikin ya koma hannun hukumar al'adu ta NCCA da ofishinta ke Intramuros, tsohon birnin nan mai ganuwa. Galarin ce ta taimaka mini wajen haɗa takardun, hotunan zanen gaba da baya, girmansa, kwafin rasit da takardar inganci da fasfo ɗina. Ba abu ne mai wuya ba amma ba na rana ɗaya ba ne, kar ka bari sai satin tafiyarka.

Naɗewar a gabana aka yi a bayan galarin, wani dattijo mai yi musu firam ya kwantar da zanen a kan tebur, ya bi ƙusoshin bayan ɗaya-ɗaya ya cire kyallen daga katakon, ya shimfiɗa wata takarda mai santsi marar kama fenti a fuskar, sannan ya naɗe shi a jikin wani bututun kwali mai faɗi, fentin yana kallon waje. Na ce, "Kuya, ba ciki ya kamata fentin ya kalla ba don kar ya goge?" Ya girgiza kai, ya ce in fentin yana ciki matsewa yake yana tattarewa, ranar da ka buɗe sai ya tsattsage, in yana waje kuwa ɗan miƙewa kawai yake ya koma. Ya zura shi cikin fayif na roba irin na ruwa da muka saya a shagon kayan gini, ya jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi saboda lokacin damina ce kuma danshin Manila fumfuna yake sa wa komai har takalmi, ya toshe bakin biyu ya liƙe. Katakon na bar musu.

A filin jirgin Manila sai da aka sa na buɗe gefe ɗaya, fayif a rufe ai dole a tambaya, na nuna takardun aka duba aka ce in wuce. Ta Doha na biyo, na roƙi ma'aikatan jirgin suka ajiye mini shi a wata 'yar ma'ajiya ta gaba don ban yarda ya shiga cikin manyan akwatuna ba. A Kano tambaya ɗaya aka yi mini, mene ne a ciki, na ce zane ne, mutumin ya ce na gini? Na ce a'a na bango.

Wahalar ƙarshe a gida na sha ta. Masu firam ɗinmu sun saba da hoton biki da ayatul kursiyyu, gilashi a gaba kwali a baya, na farkon da na kai wa cewa ya yi zai shafa gam ya manna kyallen a jikin filawud, na naɗe abuna na fito. Sai da na samu wani mai zanen allon talla da ya yi karatun zane a Zariya, shi ya san yadda ake ɗame kyalle, ya sa kafinta ya yi katakon da busasshen itace don ɗanye in hunturu ya busa lanƙwashewa yake ya ja zanen ya karkace, ya fara bugun ƙusa daga tsakiyar kowane gefe yana ja yana tafiya zuwa kusurwa, yana bin tsohon layin da katakon Manila ya bari a jikin kyallen. Ya ce kar in sa gilashi ya taɓa fentin, kar in rataye inda rana ke bugawa ko bangon da ke jiƙa da damina, ƙura kuma da buroshi mai laushi ake kaɗewa, ba a sa jiƙaƙƙen tsumma. Wannan na ƙarshen sai da na tara yaran gidan na ja musu kunne, don akwai wadda in ta fara goge-goge ranar Asabar har talabijin wankewa take.